Naman Yayana da Hantsakin Asibitinku

Zuwa ga Mai girma Daraktan asibitin da aka zura wa yayana tiyo har sau uku,

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatan da ke ƙarƙashinka. Ina gajiya, ina fama da jama'a? Allah ya taimaka. Na gaishe ka don haka aka yi mani tarbiyya, amma kada gaisuwar ta sa ka zaci da sanyin zuciya na zauna rubutun nan. Raina a ɓace yake, ranka ya daɗe, kuma ba jiya ya fara ɓaci ba.

Sunana Barira, malamar lakol ce ni, wato makarantar boko, a Cadawa. Ban rubuta sunan asibitinku ba, kuma ba tsoro ya hana ni ba. Akwai mutanen kirki a cikinsa da ba na so in haɗa su da masu laifi. Kai dai ka san da kai nake. Na zo buronka ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Yau a ce mani kana taro, gobe a ce ka yi tafiya, jibi a ce in bar saƙo. Na bar saƙon, aka yi kunnen uwar shegu da shi. To, tunda ƙofar buro ta ƙi buɗuwa, ga maganar nan a fili, kowa ya karanta.

Maganar yayana ce, Habu, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya. Manomi ne a wani ƙauye arewa da Gazawa, yana noma gero da wake, yana da ƴan awakinsa. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Bai yi lakol ba, faransanci ko kalma ɗaya ba ya ji, amma mutum ne mai hankali wanda in rigimar iyakar gona ta tashi a ƙauyensu shi ake kira ya raba. Ka riƙe wannan, don za ka ji yadda aka ɗauke shi a wurinku.

Shekara da shekaru yana fama da ƙwannafi. In ya ci tuwo ya kishingiɗa, ruwa mai tsami ya taso mishi har maƙoshi, ƙirji ya riƙa zafi. Jar kanwa ba ta rabuwa da aljihunsa. Da abin ya yi yawa, majo, ma'aikacin jinya na ɗakin shan maganin garinsu, ya ce wannan ya fi ƙarfin ƙwaya, sai an je birni an leƙa ciki da tiyo mai kyamara, wanda ku kuke ce wa fibro. Ta haka muka faɗo hannunku. Ga abin da ya biyo baya, zan kawo maka shi ɗaya bayan ɗaya.

Na farko: kwalbar da aka miƙa mishi ba bayani.

Bayan girbin bara ya zo karon farko, shi da matarsa Sa'a. Ni ina tsakiyar jarrabawar ɗalibai, ban samu rakiya ba. Allah ya sa ranar akwai wani babban likita baƙo da kan zo daga Yamai lokaci-lokaci, kuma da kayan aikinsa yake zuwa. Ya zura tiyon, ya ga ƙarshen hanyar abinci, daidai inda ta haɗu da ciki, fatar wurin ta canja launi. Ya zura hantsakinsa mai babban baki ta cikin tiyon, ya tsinko nama wuri-wuri, aka zuba cikin ƴar kwalba mai ruwan magani. Ya yi wa ma'aikacinku bayani da faransanci, ya juya ga wanda ke biye a layi. Ban ga laifinsa ba, mutane sun yi mishi yawa.

Ma'aikacin naku ya fito da Yaya, ya miƙa mishi kwalbar da wata takarda, ya ce: “Ga namanka nan, Baba, ka tafi da shi, ka dawo bayan wata guda.” Iyakar bayanin ke nan. Sa'a tana tsaye, ita ma abin da ta ji ke nan.

Ranka ya daɗe, ban san inda ka girma ba, amma in a ƙasar nan ne ka san abin da muke yi da duk abin da ya fita daga jikin ɗan Adam. Mabiyiya binne ta ake yi. Cibiyar jariri in ta faɗi ba a yar da ita a bola. Jinin ƙaho wanzami rami yake haƙa mishi. Mutum abin girmamawa ne, guntun jikinsa ma haka. To yaya kake so manomin da aka ce wa “ga namanka ka tafi da shi” ya fahimta? Ya koma gida, ya haƙa rami bayan ɗakinsa, ya buɗe kwalbar, warin maganin har ya sa shi hawaye, ya yi bismillah ya tuttule, ya mayar da ƙasa. A ganinsa an cire mishi ciwon, an ba shi ya suturta. Har sadakar gumba Sa'a ta yi don murna.

Ashe kwalbar Yamai ya kamata a kai ta, wurin masu duba nama da madubin likita. Ashe abin da ke cikinta shi kaɗai ne zai faɗi ko fatar nan da ta canja ta kama hanyar zama ciwon daji ko ba ta kama ba. Magana ɗaya da Hausa ta isa ta hana wannan ɓarna, kuma ma'aikacin naku Bahaushe ne, ba baƙo ba. Naman kirki guda ɗaya da aka taɓa tsinkowa daga jikin yayana, wanda aka ɗauka da kayan da suka dace, yana can bayan ɗaki ƙasa ta cinye.

Na biyu: dariyar da aka yi mishi.

Da watan ya cika na raka shi da kaina. Aka tambaye mu ina sakamakon Yamai. Muka kalli juna. Yaya, cikin natsuwarsa, ya ce ai ya binne. Wallahi, ranka ya daɗe, dariyar da ta tashi a ɗakin nan har yau tana kunnena. Wanda ya ba shi kwalbar shi ya fara, har yana dukan tebur. Ya leƙa waje ya kira wata abokiyar aikinsa, wai ta zo ta ji abin da wani tsoho ya yi. Ta zo ta sa shi ya maimaita. Suka juya harshe zuwa faransanci suna ce mishi baƙauye, ba su san ni da faransancin nake cin abinci ba.

Na mayar musu da martani da harshen da suka zaɓa, na tambaye su wa ya gaya mishi inda zai kai kwalbar. Nan dariya ta tsaya, kowa ya kama duba takarda. Amma aikin gama ya gama. Yaya bai ji kalmomin ba, dariyar kuwa ya ji ta sarai. Ya gyara hularsa, ya sunkuyar da kai, ya ce a yi haƙuri bai sani ba. Shi ne ma ya ba da haƙuri!

Na uku, kuma shi ne ainihin abin da ya kawo ni: hantsakin da kuke aiki da shi.

Aka ce sai an sake. Ban san ko ka taɓa tsayawa ka ga yadda ake zura tiyon nan ba. Mutum zai kwana da yunwa. Yaya zai taso daga ƙauye a kan amalanke zuwa bakin hanya, ya hau kabu-kabu, sannan ya shiga mota, duk ba ko kurɓin ruwa. A fesa mishi magani a maƙoshi, a kwantar da shi ta gefe, a sa mishi roba a baki, mutum biyu su danne shi. Yana kakari, miyau yana zuba, idanu sun firfito. Tunda nake ban taɓa ganin hawayen yayana ba, ko ranar da muka binne mahaifiyarmu, sai a kan gadon nan naku.

Da bazara aka yi na biyu. Baƙon likitan bai zo ba, likitanku ne ya yi, wani matashi mai ladabi da ba ni da abin faɗi a kansa sai alheri. Wannan karon ni na karɓi kwalbar, na naɗe ta, na kai tasha, na damƙa ta hannun direba, ɗan ƙanwar mahaifiyarmu ya tare ta a Yamai ya kai inda ya kamata. Muka yi ta jira. Da amsa ta zo, cewa suka yi naman ya yi ƙanƙanta, kuma a murƙushe yake, ba za su iya cewa komai a kansa ba, a sake ɗaukowa.

Na lallashi Yaya. Na roƙe shi da girman Allah da na iyayenmu. Na ukun ya faɗo tsakiyar damina, lokacin maimai, lokacin da manomi ko gaisuwar mutuwa a tsaitsaye yake zuwa. Ya bar gona, ciyawa ta ci gefen wakensa, ya zo ya sake haɗiyar tiyo. Na sake kai kwalba tasha. Amsar da ta dawo ita ce dai ta farko, har kalmomin kusan iri ɗaya: nama kaɗan, daga sama-sama, a murƙushe.

Abin ya kai ni bango. Na tare Dokta, matashin likitan naku, na ce ya dubi Allah ya gaya mani gaskiya, hannunsa ne ko idon mutanen Yamai? Ya shiga ciki ya fito da abin a hannunsa. Wata doguwar waya ce siririya, a ƙarshenta ɗan baki mai buɗewa da rufewa. Shi ne hantsakin, ku kuna ce mishi pens. Ya matsa ya saki a gabana. Ranka ya daɗe, ni ba likita ba ce, amma ina da ido. Leɓɓan bakin ba sa haɗuwa daidai, ɗaya ya kauce wa ɗaya. Abin da bakinsa ba ya haɗuwa ba ya yanka, sai dai ya matse ya ja.

Ga abin da na fahimta daga bayaninsa, kuma in na yi kure ka fito ka gyara mani a fili. Ciwon yayana, a lokacin da aka fara ganinsa, ba daji ba ne. Tsamin ciki ne ya daɗe yana ƙona ƙarshen hanyar abinci har fatar wurin ta canja. A jikin mutane da yawa nan take tsayawa. A jikin waɗansu kuwa, wani ɗan wuri a cikinta yakan fara lalacewa, daga nan ya zarce. In an kama shi a wannan mataki ana iya tare shi. Wahalar ita ce wurin da ya fara lalacewa ba kullum ido ke ganinsa ba, ko da kyamara, kuma ba ko'ina yake ba, ɗigo-ɗigo yake ɓuya. Shi ya sa ba a tsinka ɗaya a tashi. Sai an ɗauka daga kusurwa huɗu, a ɗan matsa sama a sake ɗauka daga kusurwa huɗu, har a gama wurin da ya canja, kuma kowane tsinki ya zama mai kauri da zurfin da mai dubawa zai ga abin da ke ƙasa.

Da ya faɗi haka sai na tuna masu sayen wake a kasuwar Cadawa. Ba mai ɗibar ƙwaya biyu a bakin buhu ya ce ya san abin da ke ciki. Sai ya soka ƙarfe sama, ya soka tsakiya, ya soka gindi, don ƙwaro ba a baki yake zama ba. Wake ma ke nan, wanda in ya lalace baɗi a sake shukawa.

Dokta ya ce hantsakin nan iri-iri ne. Akwai mai ƙaramin baki, wanda aka yi don siririn tiyo irin na yara. Akwai matsakaici. Akwai mai babban baki da ke kawo nama isasshe, irin wanda baƙon likita ya zo da shi. Akwai mai ɗan tsinke a tsakiya da ke riƙe naman kada ya zame. Har wani ɗan burushi akwai da ke share wuri mai faɗi ya kwaso abin da ke sama, yana taimakawa, amma ba ya maye gurbin hantsaki. Kowane da aikinsa, kuma wanda idonsa ke kan kyamara shi ya san wanda ya dace da mutumin da ke kwance a gabansa.

To me ke cikin ma'ajinku? Ƙananan nan na yara, su kaɗai. Da su ake yi wa yaro, da su ake yi wa dattijo. Kuma a jikin ledarsu an rubuta ɓaro-ɓaro cewa sau ɗaya ake aiki da su a yar. Na karanta da idona. Ku kuwa wankewa ake yi a rataye, gobe a sake zura wa wani, har bakin ya dakushe ya karkace. Subhanallahi! Ban da dakushewar ma, cikin wa da wa abin nan ya shiga kafin ya shiga cikin yayana? Wa zai ba ni wannan amsa?

Na tambayi Dokta me ya hana shi neman na kirki. Ya ce ya nema, ya sake nema. Amsar da ke dawo mishi daga masu sayen kaya ita ce wai pens dai pens ne, wanda ke akwai bai ƙare ba. Kada ka je ka tsananta wa yaron nan don ya faɗa mani. Ni na matsa mishi, kuma gaskiya ya faɗi. In akwai wanda za a tuhuma, to wanda ke zaune a buro ne yana zaɓa wa likita kayan aiki, alhali bai taɓa leƙa cikin mutum ba, abin da ya sani kawai wane ne ya fi araha. Kuma kai ke sa hannu a kan abin da ya zaɓa, ranka ya daɗe.

Ina so ka gane abin da ya fi ci mani rai. Da kun ce mana ba ku da kayan da za a yi aikin nan daidai, wallahi da ba mu yi fushi ba. Rashi ba abin kunya ba ne a ƙasar nan, kowa ya san halin da ake ciki. Da mun sayar da akuya mun nufi Yamai, ko mu jira baƙon likita. Amma kuka karɓe mu, kuka kwantar da shi, kuka danne shi, alhali an san abin da za a tsinko da wuya ya wadatar. Sau biyu! An ba shi wahalar aikin cif-cif, amfanin aikin kuwa ko kaɗan bai samu ba. Tir da wannan.

Na huɗu: rantsuwar da kuka jawo.

Ranar da na kai mishi amsa ta ƙarshe, na same shi a ƙofar gida da maƙwabta bayan la'asar. Na so in ja shi gefe, ya ce in faɗa a nan, ba abin ɓoyo. Na faɗa. Ya dube ni ya ce: “Barira, kin gani, na bi ki sau uku. Wallahi tallahi, na rantse da wanda raina ke hannunsa, ba zan ƙara haɗiyar tiyon nan ba. In ajali ne ya same ni a gonata.” A gaban mutane ya faɗa, kuma yayana ba mutumin da ke rantsuwa a kan banza ba ne. Tunda na tashi ban taɓa jin ya rantse ya janye ba.

Kada ka ce taurin kan ƙauye ne. Mutumin nan ya ba ku amana har sau uku. Ya bar gonarsa, ya kwana da yunwa, ya haɗiye dariyar da aka yi mishi ya dawo. Wane ɗan birni ne zai yi wannan haƙuri?

Kuma abin bai tsaya kansa ba. Yanzu a ƙauyensu zancen da ke yawo shi ne wai asibitin birni yankar naman mutane suke suna aikawa wani wuri, shi ya sa kullum suke cewa bai isa ba. Na yi bayani har bakina ya gaji. Akwai wani maƙwabcinsa, Malam Zabeiru, da ƙwannafinsa ya fi na Yaya tsanani, majo ya ba shi takardar zuwa wurinku, ya ce ko da kuɗi aka haɗa shi ba ya zuwa, ya ga abin da aka yi wa Habu. Matan Fulanin da ke kawo nono ma sun ji, sun kai labarin rugage. Ga abin da hantsakinku mai araha ya saya muku.

Na je wurin limamin garinsu, dattijo mai fahimta. Ya kira Yaya ya yi mishi nasiha, ya ce rantsuwar da za ta hana mutum neman lafiya ana warware ta, a yi kaffara, a ciyar da miskinai goma, Allah mai gafara ne. Na ce ni zan ɗauki kaffarar, geron yana ɗakina a aune. Yaya ya saurara har liman ya gama, don ba ya katse babba. Sannan ya juyo gare ni ya ce: “To, na ji. In na karya rantsuwata, na ciyar, na je na kwanta, da wane ƙarfen za su tsinka? Da wancan dai?”

Ba zan yi wa yayana ƙarya ba, kuma na san in na ja shi karo na huɗu aka sake cewa bai isa ba, ko duniya za ta taru ba zai sake komawa ba. Dama ɗaya ta rage mani, ranka ya daɗe, guda ɗaya tak, kuma amsar tambayarsa ba a hannuna take ba. Tana cikin ma'ajin asibitinka.

Don haka ga abin da nake roƙo, kuma da za a bi gaskiya ba roƙo ya kamata ya zama ba.

A sayo hantsaki mai babban baki, sabo cikin ledarsa, wanda ya dace da tiyon da kuke da shi. Likitan da zai yi aikin shi zai faɗi irin da yake so, ba mai buro ba. In asibiti ba zai iya saye ba, a rubuta mana sunansa daidai, mu nemo shi da kanmu ko daga ina ne. Mun saba sayen safar hannu da allura, wannan ma za mu saya. Abin da ba za mu ƙara yarda da shi ba shi ne a yi shiru a zura mana abin da aka san ya mutu.

Wanda aka rubuta sau ɗaya a jikinsa, a yi aiki da shi sau ɗaya. Ranar da babu na kirki, a gaya wa mara lafiya tun yana bakin ƙofa, kafin ya kwanta.

Kwalba kuma, in da hali, asibiti ya riƙa aika ta da kansa. In ba hali, kada a ƙara miƙa wa kowa ita sai an gaya mishi da harshen da yake ji, Hausa ko Fulatanci, mene ne a ciki, ina za a kai, kuma me zai faru in ba a kai ba. A sa shi ya maimaita. Mu a lakol haka muke yi wa yara, kuma ba ya cin lokaci.

Wanda ya yi wa yayana dariya ba na neman a kore shi, yana da iyali. Amma ranar da Yaya zai dawo, in Allah ya sa ya dawo, ina so ya fito ya gaishe shi kamar yadda ake gaida uba, ya ce mishi laifin ba nasa ba ne. Yaya bai nemi wannan ba, ni ce nake nema.

Saura magana ɗaya, ita ce ta sa na kasa ƙara jiran sakatarenka. Ranar Juma'ar da ta wuce aka yi sunan jikan Yaya, aka yanka rago. Aka kawo mishi kwanonsa, an zaɓo mishi tsoka mai taushi. Ina daga ƙofar ɗakin mata ina kallonsa. Ya ɗauki yanka ɗaya ya daɗe yana tauna, ya haɗiya, sai na ga ya tsaya cak, ya dafe ƙirji, ya miƙa hannu ya jawo kwanon ruwa. Da ya samu ta wuce, ya tura naman gaban baƙi yana murmushi, ya ce su ci, shi kwanan nan fura ta fi mishi daɗi. Na ja Sa'a gefe. Ta fashe da kuka, ta ce ai tun farkon roron wake tuwo sai ta sassauta mishi da miya sosai yake wucewa, kuma ya hana ta gaya mani.

Na fita bayan gida na kira Dokta a waya. Ya ce in abinci ya fara tsayawa ba a jira, in kawo shi cikin makon nan. Na ce to, zan durƙusa a gabansa, zan kawo shi ko da kuka ne. Sannan na yi mishi tambayar da Yaya ya yi mani: da wane ƙarfen? Ranka ya daɗe, har kuɗin wayata suka ƙare bai ba ni amsa ba.

Kai ne za ka amsa. Gero na nan a aune, miskinan na san gidajensu, mai amalanke na jiran in ce mishi gobe.

Allah ya ba ka lafiya, kai da zuriyarka. Allah ya sa ka gama da kujerar nan lafiya, ya ba ka ikon sauke nauyin da ke wuyanka tun kana da iko. Allah ya kiyashe ka ranar da za ka tsaya kana kallon ɗan'uwanka yana ture kwanon nama yana murmushi don kada ka gane.

Wassalam.

Barira, ƙanwar Habu,
Cadawa.